Ɗingishin da Na Ɓoye a Takalmin Mubarak

Jiya na ji ku a ƙofar shago kuna ta musu, wai ya kamata a riƙa biyan ɗaliban da ke buga wa jami'a ƙwallo ko bai kamata ba. Har ɗayanku ya nuno ni da baki, ya ce ai ko Baba Haruna da aikinsa bai wuce ya shafa gam ya danna ba ana biyansa, balle wanda ke gudun minti casa'in. Ban tanka ba, don basilla tana hannuna, ni kuwa ba na haɗa ɗinki da surutu. Yau na ajiye ta. Zan gaya muku mene ne shafa gam ɗin, sannan in gaya muku abin da na sani game da musun naku, domin na san shi ta inda ba ku taɓa leƙawa ba, wato ta ƙarƙashin takalmi.

Takalmin farko da maigidana Sanda ya miƙo mini a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, ba don in gyara ba ne. Na wani ɗan dako ne a kasuwar Kumasi, ya ci ƙasa har ya gaji. Ya ce in duba in gaya masa abin da ke damun mai shi. Na ce ai tafin ne ya ɓalle. Ya karɓe ya kwaɗa mini shi a ka, ya ce mai takalmin ya tambaya, ba takalmin ba. Sai ya juya shi ya nuna mini yadda diddigen hagu ya cinye ta waje, na dama kuwa da sauransa, ya ce wannan mutumin ƙugunsa ke ciwo, kuma a kafaɗar hagu yake ɗaukar kaya. Da mutumin ya zo karɓa aka tambaye shi, haka ɗin ne. Shekara huɗu na yi a gaban Sanda ba albashi. Biyun farko ban wuce goga wa zare kakin zuma da wasa wuƙa ba. Amma a kwanonsa nake ci, kuma ranar da wuƙa ta zame ta tsaga mini babban yatsa, ga tabon nan, shi ya kai ni asibiti. Na yi wata biyu ban taɓa aiki ba, bai rage mini ko loma ɗaya ba. Da ya yaye ni ya ba ni basilla biyu, da guduma, da ƙarfen nan mai siffar ƙafa da muke kifa takalmi a kai. Su na zuba a jaka na tafi Dubai, har aka tsayar da ni a filin jirgi ana tambayata me zan yi da ƙafar ƙarfe.

Shagon da na yi aiki yana Al Buteen, cikin tsohuwar Deira, a wani lungu da in ka miƙe za ka ɓulla bakin ruwa inda ake shiga abra, kwale-kwalen da ke ƙetarawa Bur Dubai. Mai shagon wani ɗan Pakistan ne, Rafik, shi ne kuma ya yi mini biza. Faɗin wurin bai kai teburin nan biyu ba. 'Yan kasuwar Kano da ke sauka a ƙananan otal-otal na unguwar su ne abokan hirata. Su kawo akwatin da tayarsa ta fita, su zauna su yi ta tsokanar Hausata ta Zangon Kumasi, wai ina mayar da mace namiji. Ni kuma in ce su fara koyon ɗaure akwati tukuna kafin su koya mini magana.

Akwai wani takalmi ruwan ƙasa, fatar Italiya, na wani ma'aikacin banki, da na sake wa tafi na ɗinke da hannu kwana biyu cur. A 2009 ne. Ya ce zai zo ranar Alhamis. Har na baro Dubai takalmin yana rataye a bango. A shekarar nan harka ta tsaya a garin, gine-gine suka tsaya da ƙarafa tsirara a sama, mutane suna barin motocinsu a filin jirgi su gudu, balle takalmi. Bangon shagon ya cika da kayan da masu su ba su dawo ba. Rafik ya fara kallona yana kallon kalanda, na kuwa gane ranar ƙarewar bizata yake dubawa. Akwai makon da duk aikin da ya shigo hannuna zif ɗin jaka ɗaya ne.

Abin da ya cece ni ƙwallo ce, ni da ban taɓa iya buga ta ba. Wata Juma'a bayan la'asar na raka wani ɗan garinmu mai gadi zuwa Warsan, inda leburori da direbobi ke taka leda a fili tsakanin rumbunan ajiye kaya. Na ga rabinsu sun naɗe takalmansu da salatif. Na ɗauki ɗaya na duba. Gam ne kawai ya riƙe tafin, gam kuwa a zafin Dubai, in ka bar takalmi a bayan mota daga azahar zuwa la'asar, sai ya saki. Na tattaro na mutum bakwai a buhu na kai shago. To ga yadda ake yi, ku da kuke cewa shafawa ce da dannawa. Ka ɓare tafin gaba ɗaya, ka kankare tsohon gam har sai ya daina kama yatsa, ka goge da samfefa, ka shafa sabo siriri a gefe biyu, ka jira ya sha iska har ƙyallinsa ya mutu, sannan ka haɗa ka buga a kan ƙarfe. Wannan duk share fage ne, aikin yana ga ɗinki. Sai ka tsaga 'yar hanya a robar tafin da bakin wuƙa, yadda zaren zai kwanta a ciki ƙasa ba ta ci shi ba, ka bi da basilla kana zagaye haƙoran nan na ƙasan takalmin ƙwallo ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ƙulli ko ɗaya ya faɗo inda yatsa zai taka. Ƙulli kamar ƙwayar gero, in mutum ya yi gudun rabin sa'a a kansa, sai ya fid da jini. Juma'ar da ta biyo baya buhu biyu na dawo da su, Rafik ya daina kallon kalanda.

Ta haka sunana ya kai wata jami'a mai zaman kanta da ke can gaba da Warsan. Kocinsu, wani ɗan Masar mai tumbi da usur a wuya, ya zo da kansa, ya juya ɗinkina ya ja shi da ƙarfin tsiya, ya ce khalas, wato shi ke nan, daga yau takalman ƙungiyarsa ni zan riƙa gyarawa. Makarantar tana ba kowane ɗan wasa riga da takalmi guda a shekara, in ya lalace a kawo mini. Ranar wasa kuma ina zaune bakin fili da jakata, ko haƙori zai karye. Ina da wata ɗabi'a da na gado wajen Sanda: duk tafi ko shimfiɗar ciki da na cire, sai in ɗaure da zare, in rubuta sunan mai shi da watan, in jefa a kwali, don in ya dawo in san yadda ƙafarsa ke tafiya.

Takalmin Mubarak, ɗaya daga cikin 'yan wasan, lamba arba'in da uku ne, kuma ya fi na kowa saurin cinyewa, don ya fi kowa gudu. Ɗan Gusau ne, yana karatun injiniya, yana buga gefen dama. Yana da ladabi, sai dai baki; in ya kawo takalmi sai ya ce ga majinyacina nan ya kawo, ya zauna kan akwatin mutane ya yi ta zuba. Mahaifinsa malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya sayar da gona ya ɗauki rabin kuɗin karatun. Ɗaya rabin makarantar ce ke yafewa saboda ƙwallon, amma shekara-shekara ake sabuntawa, kuma sai in sunanka yana cikin jerin da koci ya miƙa. In suna ya fita, rangwame ya fita. In ba ka iya biya ba, makaranta ta janye biza, ka tattara ka koma gida da rabin digiri. Hotonsa kuwa, ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, shi ne a bangon littafin tallar makarantar da ake rabawa a Abuja da Kano. Ya ce mini dangi a Gusau da suka gani har sun fara aiko masa da buƙatu, sun ɗauka kuɗi yake kwasa.

A lokacin ni ma ina cikin masu cewa ba sai an biya su ba. Nakan ce masa ai shi ɗan koyo ne, ni ma shekara huɗu na yi ba albashi ban mutu ba. Shi kuma ya ce in duba ranar wasa mana: an biya alƙalin wasa, an biya direban bas, da mai ɗaukar hoto, da mai shara, har ni da ke zaune a inuwa ina jiran haƙori ya karye. Wanda ke cikin takalmin ne kawai ake sallama da lemo da burodi. Na ce rangwamen fa? Ya yi dariya, ya ce in bari sai ranar da ya faɗi, mu ga ko nasa ne.

Saura wata uku wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, a 2013, ya kawo takalman ya ajiye, ba tsokana ba surutu. Na juya su. Haƙoran gaba na ƙafar dama ba su ci ba ko kaɗan, na hagu sun kusa shafewa. Bayan na daman kuma, inda ke rungume diddige, an tsaga da reza an buɗa. Na tambaye shi tun yaushe agararsa ke ciwo, wato jijiyar nan ta bayan diddige. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce takalminsa. Sai ya ce wata biyu ke nan, da safe sai ya dafa bango kafin ya iya taka ƙafar. Na ce ya je ya gaya wa likitan ƙungiya. Sai ya tuna mini da golansu ɗan Sudan, wanda bara ya faɗi gaskiya game da kafaɗarsa, aka ce ya je ya huta, da aka fitar da sabon jeri babu sunansa, yanzu yana Khartoum.

"Baba, shekara biyu ta rage mini," in ji shi. "Koci ya fara kallon tafiyata. Ka yi mini wani abu a ciki kada ya ga ɗingishin, zuwa a miƙa jeri. Daga nan wallahi zan huta."

Da na ce a'a, da na yi daidai. In faɗi gaskiya, ba tausayi kaɗai ya sa na karɓa ba. Na ji ana roƙona abin da duk Deira ba mai iyawa sai ni, kaina ya fasu. Kwana uku na yi a kan aikin. Na yanka fata mai kauri na feraye ta da wuƙa, tudu a diddige, tana sirancewa zuwa tsakiyar tafi har ta ɓace. Na ɗora roba mai laushi, na rufe da shimfiɗar takalmin ta asali, yadda ko an leƙa ba za a ga komai ba. Na sa irinta a hagu, ƙasa da ta dama kaɗan, don kada ƙugu ya karkace. Tsagar rezar na cike ta da fata mai taushi, na rina ta launin takalmin. In diddige ya ɗaga, agara ba ta miƙewa sosai, sai zafin ya ragu. Ya sa, ya taka zuwa bakin ruwa ya dawo, tafiyarsa sumul. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Koci bai gani ba, likita bai gani ba. Ya buga wasa biyar a haka. A na ƙarshen, an dawo daga hutun rabin lokaci ba da jimawa ba, ya ja ƙwallo ya wuce mutum biyu, koci yana ta ihun yalla yalla, wato maza maza, ya zabura zai wuce na uku. Ina bakin layi na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ya waiga yana neman wanda ya buge shi ta baya, alhali ba kowa kusa da shi. Agarar ce ta tsinke. Sun ci kofin duk da haka, aka ɗauki hoto ba shi.

Bayan mako biyu ya zo shagon a kan sanduna, da takarda a hannu. Likitan asibiti ya rubuta cewa ciwon ya daɗe a ƙafar kafin ta tsinke. Makarantar ta kama nan ta riƙe. Ta ce tunda bai taɓa kai rahoto ba, ba ta da shaidar cewa a filinta ya samo shi, wataƙila a ƙwallon unguwa ne cikin rairayi. Saboda haka inshorar ƙungiya ba za ta biya tiyata ba, kuma sunansa ba zai shiga jeri ba. An sa masa rana ya bayyana gaban kwamiti in yana da ja. Bai ce mini komai game da aikina ba, ko da ido. Wannan ya fi mini ciwo da a ce zagina ya yi.

Na jawo kwalina. Rafik ya ga ina ware ƙulle-ƙulle masu sunan Mubarak, ya gane, ya ce in na buɗe baki kwangilar makarantar ta tafi, kuma in tuna wa ya yi mini biza. Na ce na tuna. Ranar zaman kwamitin na sa rigata ta Juma'a, na hau jirgin ƙasa na metro, na sauka na hau bas.

Mutum huɗu ne a teburin, shugabarsu wata mata mai gilashi, koci yana gefe yana kallon ƙasa. Mubarak ya ce musu ya zo da shaida. Da suka ga dattijo da kwali sai suka ɗauka takardu ne. Na jera musu tafuka da shimfiɗu na wata takwas a kan teburinsu mai ƙyalli, da warinsu da komai, kowanne da suna da wata. Da Turancinmu na Ghana na yi musu karatun. Na nuna musu cewa rairayi yana cin haƙorin takalmi ya bar shi da kaushi da zane-zane, ciyawar roba kuwa irin ta filinsu goge shi take yi ya yi santsi. Na ba shugabar ta shafa da yatsanta. Na kakkaɓe wata shimfiɗa, baƙaƙen ƙwayoyin robar filinsu suka zubo, ba rairayi ko ƙwaya ɗaya. Na bi da su wata-wata suna ganin yadda ƙafar dama ta fara janyewa daga aiki, daidai lokacin da aka mayar da atisaye sau biyu a rana saboda gasar. Sannan na zaro tudun fatar nan daga takalmin ƙarshe na ajiye a gabansu. Na ce wannan ni na yi, shi ya sa kocinsu da likitansu ba su gani ba.

Shugabar ta tambaye ni ko na san abin da na yi laifi ne.

Na ce, "Na sani, Madam. Amma ku tambayi kanku me zai sa mai hankali ya kawo ciwonsa wurin mai gyaran takalmi, ga likita kyauta a makarantarku. Ni da na yanke a wajen maigidana bai kore ni ba, kuma sana'ar da zan ci abinci da ita yake koya mini. Wannan kuwa aikin injiniya ya zo koya. Gudun da yake yi naku ne."

Koci ya ɗago kai a nan, ya ce shi ya ninka atisayen, a rubuta haka.

Sai da suka yi wata guda da kwanaki suna tura takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Daga ƙarshe suka amince inshora ta biya tiyata, rangwamensa kuma ya tsaya har ya gama, ko ya buga ko bai buga ba. Sai dai kafin a yi aikin jijiyar ta riga ta tsuke. Likita ya yi iya yinsa, ƙafar ba ta koma daidai ba. Kwangilarmu kuwa an soke ta a takarda mai layi biyu. Rafik ya yi wata ba ya yi mini magana sai da hannu, ya mayar da ni kan tayoyin akwati. Bai dai kore ni ba, don 'yan ƙwallon da kansu suka ci gaba da zuwa, kowa da takalminsa a leda, suna biya daga aljihunsu, har da na wasu jami'o'in da suka ji labari.

To ga amsata a kan musunku. Ban san doka ba, ban kuma san nawa ya kamata a ba su ba. Abin da na sani, duk abin da za a karɓe ranar da ka ji ciwo aro ne aka ba ka, ba ladan aiki ba. In makaranta za ta sa hoton ɗalibi ta jawo wasu ɗaliban, ta biya shi kamar yadda take biyan mai hoton. In ba za ta iya ba, ta rubuta ta sa hannu tun ranar farko cewa karatunsa ya tabbata, ko da ƙafa ko babu. Da Mubarak yana da irin wannan takardar, da ba wurina zai zo ba. Ni kuma tun daga lokacin, in takalmin ɗan ƙwallo ya gaya mini mai shi yana ciwo, sai ya kawo takardar likita nake sa basilla. An zage ni a kan haka ba sau ɗaya ba, na rasa masu kawo aiki, ban kuwa damu ba.

A 2015, saura kwana goma bikin yaye su, ya shigo shagon yana jan ƙafa, da sabon baƙin takalmin fata a kwali. Ya ce mahaifinsa zai zo daga Gusau, karonsa na farko a jirgi, kuma takalmin yana matsa masa a wurin ɗinkin tiyata. Na ce wannan mai sauƙi ne, zan buɗa bayan in sa fata mai taushi. Sai na ƙara da cewa, tunda yanzu ba abin da zai tsinke, likita ma ba zai hana ba, zan iya ɗaga diddigen yadda zai hau dandamalin nan ya sauka, mahaifinsa da duk wanda ke zauren ba wanda zai ga komai. Har na ɗauko fata ina aunawa.

Ya dafa hannuna.

"A'a, Baba. Ka gyara inda ke matsa mini kawai. Mahaifina ya sani, na gaya masa. Su kuwa da za su miƙo mini takardar, bari su ga da me na biya."

Na mayar da fatar. Ranar bikin ina can baya kusa da ƙofa. Kowane ɗalibi in an kira shi, kafin a gama faɗin sunan mahaifinsa ya kai gaban shugaban makarantar. Da aka kira Mubarak, sai da mai kiran suna ya sauke takardarsa ya jira. Shugaban yana tsaye da hannu a miƙe, zauren ya yi tsit, ba abin da ake ji sai takunsa, ɗaya da nauyi ɗaya da ja, har ya ƙetare dandamalin gaba ɗaya.